Charles-Michel de l'Épée (1712–1789): Malamin Kurame da Silsilar Almajiransa

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar Charles-Michel de l'Épée, malamin cocin Katolika ɗan ƙasar Faransa, wanda ya buɗe makarantar kurame ta kyauta a birnin Paris a wajajen shekarar 1760. An nuna cewa abin da ya bambanta shi da takwarorinsa shi ne yadda ya mayar da koyar da kurame wani fannin ilimi da ake koya wa kowa a fili, a lokacin da sauran masu wannan sana'a suke ɓoye hanyoyinsu. An kuma fito da raunin tsarinsa, wato ɗora nahawun Faransanci a kan harshen hannu. Daga ƙarshe an bi silsilar malaman da ta taso daga gidansa har zuwa Afirka ta Yamma, tare da duba abin da tarihin ke nufi ga maganar hannu ta ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka zauna tattauna ilimin yara masu buƙata ta musamman, magana takan dawo kan malami. Ana iya gina aji a cikin 'yan watanni, a zuba kujeru da allo, amma samun wanda zai tsaya gaban yaron da ba ya ji, ya isar masa da ma'ana, aiki ne na shekaru. Kuma kafin a sami wannan malamin, sai an sami wanda zai horar da shi. A tarihin ilimin kurame na Turai, mutumin da ya fara ɗaukar horar da malamai a matsayin wani ɓangare na aikin makaranta shi ne Charles-Michel de l'Épée, wanda aka fi sani da Abbé de l'Épée. Kalmar Abbé laƙabi ne da Faransawa ke yi wa ma'aikatan coci. An sami masu koyar da kurame tun kafin a haife shi, kuma tsarin da ya ƙago bai daɗe ba bayan rasuwarsa aka yi watsi da shi. Duk da haka sunansa ne ya wanzu, domin ya bar almajirai, su ma suka bar nasu almajiran.

2.0 Asali da Ƙuruciya

An haifi l'Épée a garin Versailles a watan Nuwamba na shekarar 1712, a ƙarshen mulkin Sarki Louis na 14. Mahaifinsa masanin zanen gine-gine ne da ke aiki a fadar sarki, don haka ya tashi a gidan wadata da ilimi. Tun yana matashi ya karkata ga aikin coci, ya karanci falsafa da ilimin tauhidin Kirista a Paris.

A wancan zamani cocin Katolika na Faransa yana fama da rikicin aƙidar Jansen, wata fahimta da ta tsananta a kan batun ƙaddara da falalar Ubangiji, wadda fadar Fafaroma ta haramta. An wajabta wa duk mai neman muƙamin coci ya sa hannu a wata takarda ta yin tir da aƙidar. L'Épée ya ƙi sa hannu, sai aka toshe masa hanya. Ya koma ya karanci shari'a har ya zama lauya, amma zuciyarsa ba ta kwanta da aikin ba. A shekarun 1730 Bishop na Troyes, wanda yake sassauta wa mabiya wannan aƙida, ya jawo shi yankinsa, ya naɗa shi fada, ya ba shi aiki a wani ƙauye. Zaman bai yi tsawo ba. Da ya koma Paris hukumomin coci suka hana shi gudanar da ayyukan fada, ya zauna shekaru masu yawa yana rayuwa da abin da ya gada, ba shi da majami'ar da yake jagoranta.

Wannan matsayi na wanda aka ture gefe yana da alaƙa da abin da ya biyo baya. Ya kai kusan shekara hamsin yana da ilimi da dukiya da lokaci, ga kuma sha'awar yi wa addininsa hidima, amma babu inda aka yarda ya yi ta.

3.0 Ilimin Kurame Kafin Zamaninsa

Tun daga dokokin Rumawa aka taƙaita haƙƙin wanda aka haifa kurma kuma bebe, har ba a yarda ya yi wasiyya ba. A ƙasar Sifaniya, inda gādon sarauta da filaye ke bin ɗan fari, rashin iya magana yana iya hana mutum gādo. Wannan ne ya sa manyan gidaje suka nemi masu koya wa 'ya'yansu kurame furuci. A ƙarni na 16 wani ɗan zuhudu mai suna Pedro Ponce de León ya koyar da 'ya'yan gidan Velasco karatu da rubutu da magana. A shekarar 1620 Juan Pablo Bonet ya wallafa littafi a kan koya wa bebaye magana, wanda ya ƙunshi hotunan haruffan da ake nunawa da yatsun hannu ɗaya. A 1692 likita Johann Konrad Amman ya fitar da nasa littafin a Amsterdam a kan furuci da karatun leɓe.

A zamanin l'Épée kansa akwai ƙwararru uku da suka yi fice. Jacob Rodrigues Pereire ya gabatar da ɗalibinsa a gaban Cibiyar Kimiyya ta Paris a 1749, ya sami yabo da albashi daga sarki. Thomas Braidwood ya fara koyarwa a Edinburgh a 1760. Samuel Heinicke ya buɗe makaranta a Leipzig ta Jamus a 1778. Dukansu sun fi mayar da hankali ga koya wa kurma furta magana, kuma dukansu sun riƙe hanyar koyarwarsu a matsayin sirrin sana'a, kamar yadda mai magani ke ɓoye sunan saiwar da yake haɗawa. Pereire ya mutu a 1780 ba tare da ya bayyana cikakkiyar hanyarsa ba. Iyalan Braidwood kuwa suka mayar da aikin gādon gida, wanda ba a koya wa bare sai da sharuɗɗa masu tsauri. Sakamakon haka ilimin kurame ya tsaya a kan 'ya'yan masu hali, malaman kuma ba su yaɗu ba.

4.0 Tagwaye da Kafuwar Makaranta

A wajajen shekarar 1760 l'Épée ya shiga wani gida a Paris, ya tarar da 'yan mata biyu tagwaye suna ɗinki. Ya yi musu magana ba su amsa ba. Da mahaifiyarsu ta dawo ta shaida masa cewa kurame ne, kuma wani fada mai suna Vanin da ke koya musu addini ta hanyar hotuna ya rasu, ba a sami wanda zai ci gaba ba. L'Épée ya ɗauki nauyin karatunsu. Abin da ya motsa shi da fari damuwa ce ta addini: yana tsoron kada 'yan matan su rayu su mutu ba su san aƙidarsu ba.

Ba shi da wani horo a wannan fanni. Abin da ya dogara da shi wata ƙa'ida ce da ya ji daga malaminsa na falsafa tun yana saurayi, cewa babu wata alaƙa ta halitta tsakanin ma'ana da sautin da ake furta ta da shi. Al'umma ce ta amince da haɗin, kamar yadda ta amince da haɗin ma'ana da rubutu. Idan haka ne, abin da kunne ke karɓa ta sauti, ido na iya karɓar sa ta alama. Ya kuma lura cewa tagwayen suna zance da junansu da hannu. Sai ya zauna ya koyi alamominsu, ya fara haɗa kowace alama da rubutacciyar kalmar Faransanci. Daga baya ya sami littafin Bonet, ya koyi Sifaniyanci domin ya karanta shi, ya ɗauki haruffan yatsu daga ciki.

Labari ya bazu, yara suka ƙaru. Ya mayar da gidansa da ke titin Moulins makaranta, ya kama wa ɗalibai masauki a gidajen da ke kusa, yana biyan ci da sha da sutura daga aljihunsa. Ba ya karɓar kuɗin makaranta, kuma talakawa ya fi ba fifiko. A shekarun 1780 ɗalibansa sun haura sittin. Tara yara kurame da yawa wuri ɗaya ya haifar da abin da shi kansa bai tsara ba: yaran da a da kowanne ke zaune a keɓe a ƙauyensu sun zama jama'a guda, harshen hannunsu ya bunƙasa a masauki da filin wasa, babba yana koya wa ƙarami.

5.0 Tsararrun Alamomi: Ƙarfi da Rauni

L'Épée ya yarda cewa alamomin kurame su ne harshensu na asali, amma ya ɗauka cewa harshen ba shi da nahawu. Don haka ya ƙudurta gina masa nahawu daga Faransanci. Ya kira abin da ya samar tsararrun alamomi. A wannan tsari kowace kalma ta jimlar Faransanci tana da alamarta, kuma ana jera su bisa ginin jimlar Faransanci. An ƙago alamomi na jinsi da adadi da lokutan aikatau da ajin kalma. Mafayyacin jinsin namiji ana nuna shi da kai hannu wajen hula, na mace kuma da kai hannu wajen kunne, inda adon kan mata ke sauka. Nau'o'in shuɗaɗɗen lokaci ana bambanta su da yawan jefa hannu ta bayan kafaɗa, sau ɗaya ko biyu ko uku.

Kalmomin da ba a iya nuna abin da suke nufi da ido kuwa, sai ya warware su gutsure-gutsure. Aikatau mai nufin yin imani ya raba shi gida huɗu: amincewa da hankali, amincewa da zuciya, amincewa da baki, sannan rashin gani da ido. Doguwar kalma mai ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya tana iya cin alamomi biyar, kowane ɗafi da tasa. Ya yi bayanin wannan tsari a littafinsa na 1776, ya sake faɗaɗa shi a wani littafin na 1784 mai suna *La véritable manière d'instruire les sourds et muets*, wato sahihiyar hanyar koyar da kurame da bebaye. Ya haɗa da babi a kan koyar da furuci, sai dai ya ɗauke shi aiki na biyu, wanda bai kai buɗe hankalin yaro muhimmanci ba.

Tsarin ya yi amfani wajen shifta. Malami zai yi alamomi, ɗalibi ya rubuta jimla daidai ba kuskure, wani lokaci ma cikin Latin ko Italiyanci ko Sifaniyanci. Amma rubuta jimla daidai ba ya tabbatar da cewa an fahimce ta, kuma yawancin ɗaliban ba su iya tsara nasu tunanin a rubuce ba. L'Épée ya san da wannan iyaka, har ya shawarci almajirinsa Sicard a cikin wasiƙa da kada ya sa ran ɗalibai za su riƙa bayyana ra'ayinsu a rubuce, ya wadatu da iya juya alama zuwa rubutu.

Shaida mafi ƙarfi a kan kuskuren zatonsa ta fito daga wani kurma mai ɗaurin littattafai, Pierre Desloges, wanda ya kurumce yana ɗan shekara bakwai sakamakon cutar agana, kuma bai taɓa zama ɗalibin l'Épée ba. A 1779 Desloges ya wallafa ɗan littafi yana kare amfani da alamomi daga sukar wani fada mai suna Deschamps. A ciki ya bayyana cewa kuramen Paris, har da waɗanda ba su taɓa shiga aji ba, suna da harshen da suke tattauna kowane al'amari da shi cikin tsari da sauri. Ke nan harshen yana da nasa nahawun tun asali, wanda ya dogara da sarari da motsi da yanayin fuska, malamin ne bai gane shi ba saboda bai yi kama da na Faransanci ba.

6.0 Buɗe Ƙofa da Horar da Malamai

A nan ne l'Épée ya sha bamban da kowa. Tun daga 1771 ya fara shirya taron baje kolin karatu, inda ɗalibai ke amsa tambayoyi a gaban jama'a. Ajinsa a buɗe yake ga duk mai son kallo, malamai da masana falsafa da 'yan sarauta da baƙi daga ƙasashen waje. Ya rubuta hanyarsa dalla-dalla ya buga, yadda wanda bai taɓa ganinsa ba zai iya gwadawa. Ya kuma yi shela cewa duk wata hukuma ko majami'a da ke son buɗe makarantar kurame ta aiko masa da mutum ya horar da shi kyauta. Ya koyi wasu harsunan Turai domin ya iya yi wa irin waɗannan baƙi bayani.

Horon na zama tare ne. Mai koyon malanta yakan shafe watanni yana zuwa aji, yana kallon darasi, yana koyon alamomi daga malami da kuma ɗalibai, sannan a ba shi yara ya gwada a gaban mai gidan. Bayan ya koma ƙasarsa, wasiƙa ta ci gaba da haɗa su, yana kawo matsala ana ba shi shawara.

A 1777 Sarkin Daular Ostiriya Joseph na 2 ya ziyarci makarantar. Marubuta tarihin l'Épée sun ruwaito cewa sarkin ya yi masa tayin dukiya, shi kuwa ya nemi a aiko masa da wanda zai koya wa aikin. Aka aiko Friedrich Stork, kuma a 1779 aka buɗe makarantar kurame ta Vienna. Tommaso Silvestri ya zo daga Italiya, ya koma ya buɗe makaranta a birnin Rum a 1784. Babban Bishop na Bordeaux ya aiko Roch-Ambroise Sicard, wanda ya buɗe makarantar garin a 1786. Henri Daniel Guyot, fasto ne na ɗarikar Furotesta, amma bambancin ɗarika bai hana a karɓe shi ba, kuma a 1790 ya kafa makarantar Groningen a ƙasar Holan. Ana ƙiyasta cewa a ƙarshen rayuwar l'Épée makarantun da almajiransa suka kafa a Faransa da sauran ƙasashen Turai sun kai kimanin ashirin.

Buɗe ƙofar ya jawo masa muhawara. Da Heinicke ya ji an kafa makarantar Vienna bisa tsarin Paris, ya soki tsarin, yana ganin cewa tunani bai cika sai da furtacciyar magana. Daga 1780 zuwa 1782 suka yi musayar wasiƙu. Heinicke yana da dabarar haɗa kowane wasali da wani ɗanɗano, kamar ruwan tsami da ruwan sukari da man zaitun, domin ɗalibi ya riƙe sautin da ba ya ji, amma ya ƙi bayyana cikakken tsarinsa. L'Épée ya miƙa batun ga cibiyoyin ilimi su yi hukunci, kuma masanan Zurich suka goyi bayansa a 1783. Ɗaya daga cikin dalilan da suka sa ya rinjaya shi ne nasa tsarin yana rubuce kowa na iya auna shi, na abokin hamayyarsa kuwa yana kulle.

7.0 Shari'ar Solar da Ƙarshen Rayuwa

A 1773 aka tsinci wani yaro kurma a yashe a bakin hanya a yankin Picardie. Bayan shekaru uku l'Épée ya gamu da shi a wani asibitin Paris, ya ɗauke shi. Daga abin da yaron, wanda aka sa wa suna Joseph, ya bayyana da hannu, malamin ya gamsu cewa ɗan gidan sarautar Solar ne da aka jefar domin a cinye gādonsa. Ya kai ƙara, aka tsare wani mutum mai suna Cazeaux. A 1781 kotu ta amince cewa Joseph ɗan gidan Solar ne, amma ta wanke Cazeaux. A 1792, bayan rasuwar l'Épée, wata kotun ta soke hukuncin farko. Shari'ar ta nuna iyakar da ya kai wajen tsaya wa ɗalibinsa, ta kuma nuna yadda tausayi ya sa ya yanke hukunci a ransa kafin hujja ta cika, har wani ya sha ɗauri. Duk da haka ta sa kotu ta saurari bayanin kurma ta hanyar tafinta, abin da ba a saba gani ba a lokacin.

Sarki Louis na 16 ya sanya makarantar ƙarƙashin kariyarsa a 1778, aka yi alkawarin ba ta wani kaso na dukiyar wani gidan zuhudu da aka rufe, amma tallafin bai wadatar ba, nauyin ya ci gaba da zama a wuyan mai ita. Ana ba da labarin cewa a tsufansa yakan hana kansa itacen jin ɗumi a lokacin sanyi domin kuɗin ya ishi yara. Ya fara haɗa ƙamus na alamomi bai kammala ba. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 1789, watanni kaɗan bayan ɓarkewar juyin juya halin Faransa, aka binne shi a majami'ar Saint-Roch. A watan Yuli na 1791 majalisar dokokin ƙasar ta sanya sunansa cikin waɗanda suka yi wa ɗan Adam da ƙasa hidima, ta kuma mayar da makarantar ta gwamnati. A 1794 aka ƙaura da ita zuwa titin Saint-Jacques, inda take har yau.

8.0 Silsilar Almajirai

Sicard ne ya gaje shi a 1790. Ya zo da ɗalibinsa Jean Massieu, kurma, wanda ya zama malami a makarantar. Massieu ya koyar da Laurent Clerc, shi ma ya zama malami. Ta haka aka sami kurame a cikin sahun masu koyarwa, matakin da l'Épée bai kai ba amma ya share wa hanya. A farkon ƙarni na 19 Auguste Bébian, wanda ya iya harshen kurame sosai, ya nuna cewa tsararrun alamomi nauyi ne kawai ga ɗalibi, ya yi kira da a koyar da harshen kurame na ainihi. A hankali aka bar tsarin l'Épée a makarantar da shi ya kafa. Amma kuramen Faransa ba su manta da shi ba: daga 1834, ƙarƙashin jagorancin Ferdinand Berthier, suka fara walimar shekara-shekara ta tunawa da haihuwarsa.

A 1815 wani Ba'amurke, Thomas Hopkins Gallaudet, ya je Ingila neman horo. Magadan Braidwood suka gindaya masa sharuɗɗan zaman shekaru da riƙe sirri. Ya juya zuwa Paris, aka karɓe shi bisa al'adar da l'Épée ya bari. A 1816 ya koma Amurka tare da Clerc, suka buɗe makarantar Hartford a 1817. Clerc ya horar da malaman da suka kafa makarantu a jihohi da dama, kuma alamomin da ya zo da su daga Paris suka cuɗanya da na kuramen Amurka, aka sami harshen hannu na Amurka. A 1864 aka kafa kwalejin kurame a Washington, wadda ta zama Jami'ar Gallaudet.

Silsilar ta gamu da cikas a taron malaman kurame na Milan a 1880, inda aka zartar da fifita koyar da furuci a kan alamomi. A ƙasashen Turai da dama aka hana maganar hannu a aji, malamai kurame suka rasa aikinsu. Sai a 2005 dokar Faransa ta amince da harshen hannu na ƙasar a matsayin cikakken harshe, sannan a 2010 taron malaman kurame na duniya da aka yi a Vancouver ya yi watsi da ƙudurorin Milan.

9.0 Isowar Silsilar Afirka ta Yamma

Andrew Foster (1925–1987), baƙar fata ɗan Amurka da ya kurumce yana ɗan shekara goma sha ɗaya sakamakon sanƙarau, ya kammala karatu a Gallaudet a 1954. Ya buɗe makarantar kurame a Accra a 1957, ya buɗe wata a Ibadan a 1960, daga nan aikinsa ya kai ƙasashe da dama, har da Chadi da Kamaru. Kamar l'Épée, ya ɗauki horar da malamai ginshiƙin aikinsa, kuma Ibadan ta zama cibiyar da ake zuwa koyon malanta daga ƙasashe masu amfani da Faransanci. Ta hannunsa da na almajiransa alamomin Amurka suka zama na aji a Nijeriya. A 1977 aka kafa Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman a Oyo, kuma a shekarar ce aka buɗe makarantar Tudun Maliki a Kano.

Sai dai ƙasar Hausa ba ta jira wannan silsila ba kafin kuramenta su yi zance. Akwai maganar hannu, wadda kurame ke yi a tsakaninsu, masu ji da yawa kuma suna taɓa ta a kasuwa da unguwa. Constanze Schmaling ta yi bincike a kanta a Kano, ta wallafa littafi mai suna *Maganar Hannu* a shekarar 2000, inda ta siffanta ta a matsayin harshe mai tsarin kansa. Yaron da ya tashi da wannan harshe a gidan da ake Hausa, idan ya shiga makaranta yakan tarar da alamomin da suka samo asali daga Amurka, sau da yawa a jere bisa ginin jimlar Ingilishi. Halin da yake shiga ya yi kama da na ɗaliban titin Moulins, waɗanda suke da harshe ɗaya a masauki, wani kuma a gaban allo.

10.0 Kammalawa

Rayuwar l'Épée ta bar abubuwa biyu da suka shafi horar da malaman masu buƙata ta musamman. Na farko, hanyar koyarwa tana rayuwa ne idan an rubuta ta, an buɗe ta ga mai suka, an kuma koya wa wasu. Ƙwarewar Pereire ta bi shi kabari, tsarin l'Épée kuwa, duk da rauninsa, ya haifi makarantun da suka gyara shi. Na biyu, malamin da ya fara da koyon harshen ɗalibinsa ya kama hanya, amma yana iya sauka daga kanta idan ya auna harshen da ma'aunin nasa. Gyaran ya zo ne daga kurame kamar Desloges da Massieu da Clerc, da masu ji irin su Bébian da suka zauna da su har suka iya harshensu. A ƙasar Hausa wannan aiki yana da rabon masana harshe a ciki: siffanta nahawun maganar hannu, tattara kalmominta a ƙamus, da samar da littattafan da kwalejojin horar da malamai za su yi amfani da su, tare da shigar da manyan kurame cikin masu ba da horon.